Malamin Kiɗa da Tasa Fasahar

Ɗan'uwa, ka tambaya ko malamin kiɗa ko na wasan kwaikwayo a makaranta yana samun sukunin yin tasa fasahar. Yana samu, amma da ƙyar. Ba darasin aji ke cinye lokaci ba, atisayen bayan tashi ne, musamman in wasan ƙarshen zango ya matso. Shi ne darakta, shi ne mai gyara murya, wani zubin har kayan sawar 'yan wasa yana kansa.

Ni dai shawarata, kada ka jingine taka fasahar. Tsarin Kodály, wata hanyar koyar da kiɗa ta ƙasar Hungary, da rera waƙa yake fara koyar da yara, to malamin da ya daina rerawa fa? Ɗalibai nan take suke ganewa.