Na Goge Fayil a Linux, Ina Mafita?

Tambaya: Malam, na buga rm -rf, umarnin goge folda da duk abin da ke cikinta, a kan foldar aikin digirina bisa kuskure. Na sauko da manhajoji uku na dawo da fayil, babu wadda ta yi aiki.

Amsa: Ɗan'uwa, kai da hannunka ka ƙara wa kabarin ƙasa. Na gaji da maimaita wannan magana. Idan ka goge fayil a ext4, tsarin ajiye fayiloli da Linux ta fi amfani da shi, bayanan ba sa ɓacewa nan take, sunan kawai ake cirewa a ce wurin ya zama fili, kowa ya zo ya gina. To manhajoji ukun nan, a ina kake tsammani suka sauka? Hatta burauzar da ka buɗe kana neman taimako tana zuba nata tarkacen a faifan.

Kashe kwamfutar yanzu. Tayar da ita daga filashi mai ɗauke da Linux, ka kwafi faifan dukansa da manhajar ddrescue zuwa wani faifai na waje, duk gwajin da za ka yi ya zama a kan kwafin. Fara da manhajar ext4magic ko extundelete. Su suna leƙa kundin da ext4 ke ajiye canje-canje, wani lokaci su dawo da fayil har da sunansa. In sun gaza, sai PhotoRec da ke zuwa tare da TestDisk. Shi ba ruwansa da suna, zai zubo maka dubban fayiloli masu lambobi, ka zauna ka yi ta tsinta. In kuwa faifanka SSD ne kuma TRIM, umarnin da ke sa faifan ya share wuraren da aka goge, ya riga ya bi ta wurin, Ubuntu ma mako-mako take gudanar da shi, to sai haƙuri. Ni dai na daɗe da rabuwa da rm, trash-put nake bugawa, mai tura fayil kwandon shara, kuma kowane dare manhajar rsync na kwafe min aikina zuwa wani faifai.

Tambaya: Na goge bidiyo alhali ina cikin kallonsa.

Amsa: Kada ka rufe shi! Buga lsof | grep deleted don ganin fayilolin da aka goge amma suna buɗe, ka ɗauki lambar aikin da ta fayil ɗin, ka kwafo shi da cp daga /proc/lambar-aiki/fd/lambar-fayil.

Tambaya: Malam, na danna Delete a kan hotuna, hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Suna nan a kwandon shara, ~/.local/share/Trash/files, sai dai in kin haɗa da Shift.