Tambaya da Amsa: Shin Mutum Zai Iya Haɗa Farantin Sola da Kansa a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran kayan lantarki ne, hannuna ya saba da liƙa waya da dalma. Na ga ana sayar da ƙwayoyin sola ɗai-ɗai waɗanda ba a haɗa ba, na kuma ga masu jera su a kan katako suna samun wuta. Shin zan iya haɗa farantin da zai riƙe mini fitilu da fanka da firji? Kuma zai fi na kamfani sauƙin kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya haɗa faranti ya ba da wuta, amma ba na ba ka shawarar ka dogara da shi wajen wutar gidanka, kuma zan faɗa maka dalili.

Da farko, ita ƙwayar ba a yin ta a gida. Daga silikon ake yin ta, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400, sannan a tace shi, a yanka shi falle-falle, a shigar masa da sinadarai irin su boron da fosforas a ɗakunan da ko ƙura ba ta shiga. Tun 1954 da masu bincike na Bell Labs a Amurka suka fitar da ƙwayar silikon ta farko mai amfani, wadda ke juya kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki, aikin na masana'anta ne. Ƙwayoyin yau suna haura kashi 20. Abin da ya rage wa mai aikin gida shi ne haɗawa.

Haɗawar ba ta da wuyar fahimta. Kowace ƙwaya, babba ko ƙarama, kusan rabin bolt take bayarwa. Faɗinta shi ke ƙayyade yawan wutar da ke gudana. Ƙwaya mai faɗin milimita 156 takan ba da kimanin amfiya 8, wato wat 4 da ɗoriya. Batir mai bolt 12 yana buƙatar sama da bolt 14 kafin ya cika, shi ya sa aka saba jera ƙwayoyi 36 a layi ɗaya, a liƙa siririyar waya daga fuskar wannan zuwa bayan ta gaba da ita, domin a samu kusan bolt 18 da wat 150 ko kusa da haka. Sai dai ka sani kaurin ƙwayar bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Ka ɗan danna ƙarfen dalma da ƙarfi, ko ka bar shi ya daɗe a wuri ɗaya, sai ka ji ƙas, ta tsage. Wata tsagar ma ido ba ya ganin ta, sai bayan watanni, zafin rana da sanyin dare sun yi ta buɗa ta, sannan wutar ta ragu. Kuma da yake a jere suke, ƙwaya ɗaya mai rauni ita ke janyo sauran 35 ƙasa. Don haka ka auna kowace ɗaya da mita a cikin rana kafin ka liƙa ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne rufewa. A masana'anta ana shimfiɗa gilashi mai tauri, kaurin kimanin milimita 3, sai wata leda da ake kira EVA, sai ƙwayoyin, sai wata EVA, sai murfin baya. Ana tura su cikin injin da ke zuƙe iska gaba ɗaya, ya gasa su a zafin kusan digiri 150, har ledar ta narke ta lulluɓe komai ya zama abu guda. Wannan ne ya sa kamfanoni ke iya ba da garantin shekara 25, ƙarfin farantin kuma yana raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 kacal a shekara. A gwajin ingancin faranti na ƙasa da ƙasa mai suna IEC 61215 har ƙanƙara mai faɗin milimita 25 ake harba wa faranti a gani ko zai jure.

Akwatin katako da gilashin taga da gam ba za su yi wannan aikin ba. Faranti a kan rufi yakan kai digiri 60 zuwa 70 da rana. Iskar da ke cikin akwatin ta kumbura ta fita, da dare kuma ta dawo ɗauke da danshi. Da safe za ka ga raɓa ta kwanta a cikin gilashin, bayan wani lokaci kuma layukan azurfa da ke fuskar ƙwayar su dusashe, wuraren dalma su yi tsatsa. Gam ɗin silikon mai warin tsami ma ƙara cin ƙarfen yake yi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne gobara: mahaɗar da ta saki tana zafi, wutar sola kuma irin ta batir ce, idan ta fara tartsatsi ba ta saurin mutuwa, ga shi kuma a jikin busasshen katako. Haka nan idan ganye ya rufe ƙwaya ɗaya, sai ta koma shan wutar sauran tana ƙonewa, shi ya sa dole a saka dayod ɗin da zai ba wutar hanyar kewayewa.

Batun araha kuma zamaninsa ya wuce. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda yawan abin da ake ƙerawa, musamman a ƙasar Sin. Idan ka tara kuɗin ƙwayoyi da gilashi da firam da waya, har da waɗanda za su fashe a hannunka, da wuya ka doke na kamfani.

Ka haɗa ƙarami domin koyo, ko domin cajin waya da koyar da yara, wannan ina goyon bayansa ƙwarai. Amma na gida ka saya, ka zuba basirarka a lissafi da girkawa. Misali, idan kayanka na cin wat 1,000 na awa a yini (kamar abu mai wat 100 ya yi awa 10 a kunne), kana kuma samun awa 5 na rana mai ƙarfi, wat 200 kake buƙata a takarda; ka ƙara na asarar zafi da waya da batir, sai ka nemi kusan wat 300. Firji na jan wuta mai yawa a lokacin tashi, don haka dole inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, ta fi ƙarfin abin da aka rubuta a jikinsa.

Tambaya: Malam, ni kuma farantina na kamfani ne. Zan iya jona shi kai tsaye da batir ba tare da na'urar daidaita caji ba?

Amsa: Kada ka yi haka. Farantin da ake kira na bolt 12 yana iya haura bolt 21 idan babu abin da ke jan wutarsa, kuma ba zai daina tura wuta ba ko batir ya cika. Batir na ruwa zai tafasa, ruwansa ya ƙafe, ya riƙa fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Na litiyam kuwa haɗarinsa ya fi haka. Na'urar iri biyu ce: PWM ta wadatar ga ƙaramin haɗi, MPPT kuma ta fi tatso wuta, musamman idan bolt ɗin farantin ya zarce na batirin sosai. Ka fara jona batir da na'urar kafin faranti, kuma ka saka fiyus a wayar da ke fitowa daga batir, kusa da kansa.