Anti, ko butulci nake yi?

Tambaya: Anti, ina arewacin Ingila ina aikin kula da tsofaffi. Da digirina na baro Kano, yanzu wankan tsofaffi da canza zanin gado nake yi, awa 12 a tsaye. Maigidana da yarana biyu suna gida. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in gode wa Allah, dubbai na neman irin damata. Ni kuwa komai ya fita raina.

Amsa: Ƙanwata, kewar 'ya'ya ba butulci ba ce. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya cire shi daga sahun masu haƙuri. Ba ke kika zaɓi rabuwar nan ba: tun 11 ga Maris 2024 aka hana sabbin masu bizar aikinki tahowa da iyali.

Kafin ki tuhumi zuciyarki, ki duba jikinki. A Disamba rana na faɗuwa a wajenku kafin ƙarfe huɗu, kin fita da duhu kin dawo da duhu. Hukumar lafiya ta NHS ma tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 kullum, duk shekara. In nauyin zuciyar ya ɗauki makonni, har barci da cin abinci suka gagara, ki je wurin likitanki ki faɗa masa kai tsaye.

Sannan godiya ba ta ce ki yi shiru a cuce ki ba. Ki riƙa duba takardar albashinki: a Afrilun 2025 mafi ƙarancin kuɗin awa ga mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21. Kina da hutun mako 5.6 a shekara, da albashinsa. Ki tara shi ki je ki ga yaran nan, ko da ginin da ake jiran ki aiko wa kuɗi zai tsaya a linta. (Na san za a yi gunaguni. A yi.)

Daɗin kuwa, kada ki jira shi sai ranar da takardar zama ta fito. Ki ware fam goma a wata da ba na kowa ba ne sai naki. Ranar hutu ki tuƙa tuwon shinkafa, ki kira wata 'yar'uwa ku ci tare, don cin abinci a tsaye a gaban firji na kashe zuciya. Ki sa wa yara lokacin waya tsayayye, ki ce su karanta miki haddarsu ta Islamiyya, ba lissafin abin da za a saya ba.

A wurin aikin ma, tsohuwar da ta manta sunan ɗanta amma take riƙe hannunki in kin shigo, ki zauna da ita minti biyu kafin ki ɗauki tawul.