Sake sarrafa shara zai iya ɗaukar nauyin sayayyarmu?

Tambaya: Ina ware robobi da gwangwanaye daga sharar gidana, amma hankalina bai kwanta ba. Wasu sun ce muddin ana sake sarrafa kaya, tattalin arziki zai yi ta haɓaka ba tare da albarkatun ƙasa sun ƙare ba. Wasu kuma sun ce wahalar banza nake sha. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ba wahalar banza ba ce, musamman gwangwanin alminiyam. Narka tsoho yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake kashewa wajen samar da sabo. Ci gaba da warewa.

Maganar farkon nan ce take ƙona mini rai, don har daga bakin masu tsara manufofi ake jin ta. Ɗauki alƙalami. Idan buƙatar ƙarfe tana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 duk shekara, cikin kimanin shekara 23 ta ninka. Ƙarfen da ya zama tarkace yau kuwa, a ce ya yi shekarun nan yana aiki, an ƙera shi ne lokacin da buƙata take rabin ta yanzu. Ko an tsince shi kaf, ba a bar ko ƙusa ba, rabin buƙatar yau kawai zai biya. Sauran sai an koma mahaƙa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna abin da duniya ke haƙowa da girbewa ya tashi daga tan biliyan 30 a 1970 zuwa sama da biliyan 100.

Matsalar roba ta fi muni. Ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, ta ƙiyasta kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba aka sake sarrafawa a 2019. Duk narkawa tana rage mata ƙarfi, galibi sai kwalba ta koma zaren tufafi, daga nan sai juji. Alamar kibiyoyi ukun da ke gindin mazubin roba kuma ba alkawari ba ce cewa za a sake sarrafa shi. Lambar da ke tsakiyarsu, 1 zuwa 7, nau'in robar take faɗa. Mai 1 da mai 2 ne suke da kasuwa sosai. Ledar da aka manna wa takardar alminiyam kuwa, raba su ya fi ƙarfin ribar. Kamfanonin da ke buga alamar sun san haka sarai.

Abin da ke rage haƙa shi ne kaya ya daɗe, ya gyaru, mazubi a sake cika shi, doka kuma ta ɗora kuɗin kwashe shara a wuyan wanda ya ƙera. Kafin ka sayi na'ura, tambayi ko ana sauya batirinta, ko ana samun kayan gyaranta.