Tambaya da Amsa: Me yasa ƙananan jirage ke kifewa in sun zo sauka a filin ciyawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da bayani. Ƙanina yana karatu a Ingila, kwanan nan ya shiga koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama irin mai cin mutum biyu zuwa huɗu, kuma wai filin da suke sauka ba kwalta, ciyawa ce zalla kamar filin ƙwallo. Shekaranjiya ya turo min bidiyon wani jirgi yazo sauka ya dinga tsalle har ya kife tayoyi a sama, matuƙin dai ya fito da ƙafarsa amma wallahi tun ranar Mama bata runtsa ba. Ciyawar ce ke jawo haka? Mu hana shi ne ko yaya? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, ki gaida Mama kice ta kwantar da hankalinta tukunna. Filin ciyawa ba sabon abu bane kuma ba alamar talauci bane, jiragen farko galibi a kan ciyawa suke tashi suke sauka, har yau Ingila cike take da irinsu. Filin White Waltham dake yamma da Landan ciyawa ne, kuma a can Yarima Philip mijin Sarauniya Elizabeth ya fara koyon tuƙi a 1952. Kinga ba filin 'yan rabbana ka wadata mu bane.

Amma fa ciyawa tana da nata halin, wanda bai san ta ba sai ta bashi kunya. Babbar matsalarta birki. Taya bata kama ciyawa kamar yadda take kama kwalta, in kuma raɓa ta sauka ko anyi yayyafi (Ingila kuwa ai kullum cikin yayyafi suke) sai ya zama kamar mai babur ya taka birki a kan taɓo, taya ta tsaya amma jirgi na ta sulɓewa. Hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya tana shawartar matuƙa su ƙara kashi 15 cikin 100 a kan nisan da jirgi ke buƙata ya tsaya in ciyawar busasshiya ce, kashi 35 in jiƙaƙƙiya ce, in kuma gajera ce sosai ga danshi abin kan iya kaiwa kashi 60. Bari in buga miki lissafi da Cessna 172, jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi kuma makarantu suka fi koyarwa da shi. Daga tsallake bishiya ko shinge a bakin fili zuwa tsayawa cik yana cin wajen mita 400 a kan kwalta. A jiƙaƙƙiyar ciyawa ya koma 540, in aka ninka da 1.43 da hukumar ke cewa a ƙara saboda ko-ta-kwana sai ki ganshi ya haura 770. To ƙananan filaye da yawa, musamman na cikin gonaki, basu kai haka ba, kuma ƙarshensu ba sarari bane, shingen itatuwa ne ko kwalbati ko titin mota.

Yanzu ga bidiyon naki. Ban gani ba amma yadda kika siffanta shi na san irinsa. Matuƙi ya shigo da gudu fiye da ƙima, jirgi yaƙi zama ƙasa yana ta shawagi kamar shirwa, shi kuma yana hango ƙarshen fili na matsowa sai hankalinsa ya tashi ya danna hancin jirgin ƙasa da ƙarfin tsiya. Tayar gaba ta riga na baya taɓa ƙasa, alhali ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyin ba, jirgi ya yi tsalle, ya sake dannawa, tsalle na biyu yafi na farko, kafin na uku ko na huɗu ƙafar gaba ta karye ko ta lume cikin ƙasa mai laushi, farfela ta sari ƙasa, wutsiya ta tashi sama, shikenan ya kife. Wani lokacin ma ramin zomo ne kawai taya ta faɗa, don zomayen can basu san da wani jirgi ba, haƙa kawai suke.

Abin da ke bani haushi shine maganin wannan duka malamai na koyar da shi tun makonnin farko. In sauka bata yi kyau ba ka ƙara wuta, ka tashi, ka zagayo ka sake gwadawa. Minti biyar ne da ɗan mai. Amma ɗan Adam da girman kai, ga abokai a bakin fili suna shan shayi suna kallo, sai yaga kamar abin kunya ne ya fasa, ya dage sai ya sauka ko ta halin ƙaƙa. In kika karanta rahotannin hukumar binciken haɗarin jirage ta Birtaniya dake Farnborough zaki yi ta cin karo da labari iri ɗaya, an shigo da gudu, an taɓa ƙasa a tsakiyar fili maimakon farkonsa, an makara wajen fasawa. Ga kuma iska, jirgi fuskantar iska yake yi ya sauka, in ta biyo shi ta baya ko da kaɗan ce sai nisan ya ƙaru, shi yasa ake rataya wani ƙyalle mai kama da hannun riga a kan sanda, matuƙi ya dube shi yasan inda take kaɗawa tunda yawancin filayen nan babu hasumiyar masu bada umarni.

Abu ɗaya da zaki faɗawa Mama, irin wannan haɗarin na sauka shi yafi yawa a ƙananan jirage amma ba kasafai yake cin rai ba saboda gudun ya riga ya ragu, jirgi ne ke shan wahala da aljihun mai shi. Waɗanda suka fi kisa sune na shiga gajimare ko hazo ba tare da horo ba, da jirgi ya rasa gudu yana juyawa kusa da ƙasa.

Ni dai bana ce ku hana shi ba. Ki kira shi ki tambaye shi mita nawa ne tsawon filin nasu, mita nawa jirginsa ke buƙata in ciyawa ta jiƙe, sannan sau nawa ya taɓa fasa sauka ya zagayo da kansa ba malami ne yace ba. In ya amsa biyun farko ba inda-inda, na ukun kuma yace miki sau da yawa, to ki miƙa wa Mama wayar su gaisa.