Taya a Kan Kwalta, Taya Cikin Rairayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce daga unguwar Bagalam a nan Maradi, ina da yaro ɗan shekara 5 da yarinya 'yar shekara 7. Kwanan baya yaron ya tambaye ni dalilin da ya sa tayar da yake garawa take gudu a kan kwalta amma ta tsaya cikin rairayi, na rasa amsar da zan ba shi. Shin bai yi ƙanƙanta da irin wannan ilimi ba? Idan bai yi ba, ta ina zan fara, tunda karatuna bai yi nisa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Yaronki bai yi ƙanƙanta ba ko kaɗan, domin wanda ya iya yin wannan tambaya ya riga ya fara darasin da kansa, kuma tsakar gidanki ta ishe ku makaranta.

Abin da masana kimiyya suke kira ƙarfi bai wuce turi ko ja ba, kuma da shi ake tada abu, ko a tsayar da shi, ko a ƙara masa gudu, ko a karkata masa hanya. Saboda haka ki fara da abin da yaran suke gani kullum: mai ruwa yana tura kurarsa, shanu suna jan amalanke, mace tana ɗaga taɓarya. Duk wanda kuka gani, ki tambaye su, "Wa yake turawa, wa yake ja?"

Tambayar taya kuwa ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta. Ido yana nuna mana kamar abin da aka gara gajiya yake yi ya tsaya don kansa, alhali kuwa babu abin da yake tsayawa sai wani abu ya tsayar da shi. A kan kwalta gogayyar taya da ƙasa kaɗan ce, shi ya sa take yin nisa. Cikin rairayi kuwa nutsewa take yi, dole ta riƙa ture shi daga gabanta har gudunta ya ƙare. Ina roƙon ki kada ki faɗa masa wannan tukuna. Ki samo katako ki jingina kansa ɗaya a kan bulo, ki cika gwangwanin madara da ƙasa ki rufe, sannan yaron ya sake shi daga saman katakon ya gangara kan siminti, a sake yi a kan tabarma, a sake yi a kan rairayi. Kafin kowane saki, kowa ya faɗi inda yake zaton gwangwanin zai tsaya, a ajiye tsakuwa a wurin. Yarinyar ta auna nisan da tafin ƙafarta, ta rubuta adadin. Abu ɗaya za a kiyaye, wato kada a tura gwangwanin kuma kada a canza tsawon bulon, don yaran su gane cewa ƙasar ce kaɗai ta bambanta.

Wannan wasa yana da asali. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin cewa abin da aka jefa yana riƙe da motsinsa har sai iska ko wani abu ya rage shi. Galileo na ƙasar Italiya ya gangara ƙwallaye a kan katako kimanin shekara 400 da suka wuce, sannan Isaac Newton na Ingila ya tsara dokokin motsi uku a littafin da ya fitar a 1687. Dokar farko ita ce wadda jikinki yake shaidawa idan ɗan kabu-kabu ya taka birki kika ji kin tafi gaba: babur ya tsaya, jiki yana neman ci gaba da tafiya.

Bayan wasu kwanaki sai ku koma kan faɗuwa. Kusan kowane yaro, har da manya da yawa, zai rantse cewa babban dutse yana riga ƙarami isa ƙasa. Ki riƙe su biyu a tsayi ɗaya ki sake su tare, yaran su saurari ƙarar faɗuwarsu, za su ji ta zo lokaci guda. Idan suka kawo hujja da ƙaiƙayi, wanda yake yin baya a wajen shiƙa alhali gero ya zuba a ƙwarya, to sun yi tunani mai kyau, kuma amsar ita ce iska ce take riƙe shi. A duniyar wata, inda babu iska, ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a 1971, suka dira tare.

Ban ga amfanin a sa ɗan shekara 5 haddar waɗannan sunaye ba, zai same su a makaranta idan lokaci ya yi. Idan zatonsa bai yi daidai ba kada a yi masa dariya, a ba shi gwangwanin ya sake gwadawa. Kuma a yi duk wannan a cikin gida, nesa da bakin rijiya da bakin titi, ki kuma riƙe duwatsun da hannunki saboda yatsun ƙafarsu.