Me wuraren wasa ke yi da bayanan baƙi?

Yaya, ka tambaya me manyan wuraren wasa irin na Disney ke yi da bayanan masu zuwa. A taƙaice dai layi suke so su rage.

Tun 2013 Disney da ke Florida a Amurka suka fito da wani abin hannu kamar agogo, MagicBand, shi ne tikitinka shi ne makullin ɗakin otal kuma da shi kake biyan kuɗi, to duk inda ka taɓa shi kwamfuta ta rubuta, da haka suke gane wane lilo ne ya cika, ƙarfe nawa ake rububin abinci, ina za a ƙara ma'aikata. Manhajarsu ta waya ma tana nuna maka minti nawa za ka jira. Har kuɗin shiga yakan tashi ranar da suka san za a cika.

Wallahi ina ma a ce ana haka a Yankari lokacin sallah, ko da ƙirga masu shiga ruwan ɗumi na Wikki ne kawai. Abin da ke damuna shi ne bayanan yara, ka duba me suke ajiyewa kafin ka danna amincewa a manhajar Disney ɗin.